Ma'adinin Arlit Da Hukuncin Amana

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya shimfiɗa ƙasa, ya kafa duwatsu a kanta, ya ɓoye taskoki a cikinta, ya kuma sanya wa kowace taska lokacin bayyanarta. Tsira da amincin Allah su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu (S.A.W.), da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, maganarmu a wannan fitowa ta shafi ƙasar da muke takawa kullum in za mu masallaci, wato ƙasar Arlit da Akokan, da abin da Allah ya ajiye a ƙarƙashinta. A ranar 19 ga watan Yuni 2025 gwamnatin Nijar ta ba da sanarwar mayar da kamfanin Somaïr mallakar ƙasa, bayan shekaru fiye da 50 yana hannun Faransawa. Zancen ya cika majalisu da wuraren shan shayi, wasu suna murna, wasu suna fargabar makomar albashinsu. Abin da ba mu cika ji ba shi ne tambayar da ta kamaci Musulmi ya fara yi: mene ne hukuncin wannan dukiya a wurin Allah, kuma wane nauyi ne yake hawa wuyan wanda ya karɓe ta?

Ba baƙon abu ba ne a yi zancen ƙarfe a kan mumbari. Allah (S.W.T.) ya sanya wa sura guda sunan baƙin ƙarfe, wato Suratul Hadid, kuma a aya ta 25 ya ambaci ƙarfe bayan Littafi da ma'aunin adalci, ya siffanta shi da abu biyu, ƙarfi mai tsanani da kuma amfani ga mutane. Malaman tafsiri sun ce ƙarfin shi ne na takobi da mashi da sulke, amfanin kuwa shi ne na garma da gatari da allura da tukunya. A Suratu Saba'i an ba mu labarin yadda aka tausasa wa Annabi Dawuda (A.S.) ƙarfe yana saƙa sulke, aka kuma gudanar wa Annabi Sulaimanu (A.S.) da marmaron narkakken jan ƙarfe. A Suratul Kahfi Zulƙarnaini ya toshe tsakanin duwatsu biyu da guntayen ƙarfe, kuma da mutanen wurin suka yi masa tayin lada bai karɓa ba, sai ya nemi su taimake shi da ƙarfin jikinsu. Mu lura da jerin da ke cikin ayar Hadid. An gabatar da ma'auni kafin a kawo ƙarfe, domin ƙarfe a hannun da ba ya riƙe da ma'auni barna yake yi, ko da kuwa hannun namu ne.

Wannan ƙasa tamu ta Abzin ta daɗe da sanin ma'adini. A shekarar 1353 matafiyin nan Ibn Baɗɗuɗa ya sauka a Takedda, ya tarar da mutanenta suna haƙo jan ƙarfe, suna narka shi a gidajensu, suna zuba shi sanduna-sanduna, sirara da masu kauri, suna sayen nama da itace da gero da su kamar kuɗi, fatake kuma suna ɗaukarsa zuwa Gobir da Barno. Masu binciken tarihi sun fi karkata ga cewa kangon Azelik, a yankin Ingal, shi ne Takedda. To a wannan Azelik ɗin ne, a 1957, Faransawa suna neman jan ƙarfe suka ci karo da yuraniyom. Daga nan bincike ya bi gefen yammacin duwatsun Abzin, aka same shi a Madawela a 1963, a wajen Arlit a 1965, a Imuraren a 1966, a Akuta a 1967. Aka kafa Somaïr a 1968, aka gina garin Arlit a fili fetal saboda ma'aikata, aka fara fitar da kaya a 1971 daga manyan ramuka buɗaɗɗu. Cominak kuwa an kafa shi a 1974, ya fara aiki a 1978, shi a ƙarƙashin ƙasa yake haƙa, zurfin mita 250, garin Akokan ya tashi a gefensa. Sunan uban gida ya yi ta canzawa, daga Cogema zuwa Areva zuwa Orano, amma gida ɗaya ne.

Mene ne shi kansa yuraniyom? Da yawa daga cikinmu sun yi shekaru suna cin abinci da shi, ba su taɓa ganin fuskarsa ba. Ƙarfe ne mai farin azurfa in an tace shi, mai nauyin gaske, ya fi dalma nauyi, ya yi kusa da zinariya. Kwalbar lita 1 in ruwa ya cika ta kilo 1 ce, da za a cika ta da yuraniyom sai ta kai kilo 19. Wani Bajamushe mai suna Klaproth ya gano shi a 1789, aka daɗe ba a san masa wani amfani ba in ban da rina gilashi da tangaran. A 1896 Becquerel a Faransa ya gane cewa yana fitar da wani irin tiriri da kansa, wanda ido ba ya gani, hanci ba ya ji, fata ba ta jin zafinsa, amma yana ratsa jiki. A 1938 aka gano a Jamus cewa ƙwayar zarrarsa tana tsagewa, in ta tsage ta saki zafi mai yawa. Idan aka bar tsagewar ta bi sauran ƙwayoyin lokaci guda, bam ke nan. Idan aka ɗaure ta tana tafiya sannu a hankali, sai ta tafasa ruwa, tururi ya juya inji, a sami wutar lantarki. Siffofi biyun nan da Allah ya ambata game da ƙarfe, ƙarfi da amfani, ba mu san wani ma'adini da suka bayyana a cikinsa ƙarara kamar wannan ba. Ranar 6 ga Agusta 1945 aka jefa bam ɗinsa a Hiroshima ta Japan, kuma mafi yawan yuraniyom ɗin da aka yi aikin da shi daga Shinkolobwe ta ƙasar Kwango aka haƙo shi, wato daga Afirka. A gefe guda kuma, 'yar ƙwaya ta makamashinsa wadda ba ta wuce kan ɗan yatsa ba tana ba da zafin da ya kai na tan guda na kwal. Da shi ake tuƙa jiragen ruwa na ƙarƙashin teku, kuma daga tukwanensa ake samun sinadaran da likitoci ke binciken ciwon daji da su.

Nau'in da ke tsagewa cikin sauƙi kaɗan ne, kashi 7 cikin 1000 na abin da ake haƙowa. Sai an ƙara yawansa zuwa kashi 3 ko 5 cikin 100 kafin ya shiga tashar wuta, wajen kashi 90 kafin ya zama makami, kuma wannan aikin ba a yin sa a nan. Namu aikin shi ne fasa dutse, a niƙa shi, a jiƙa shi da ruwan asid irin na batir, a fitar da wani gari mai ruwan ɗorawa, a ɗura a ganguna. Tan guda na dutse ba ya ba da abin da ya wuce 'yan kiloli, biyu zuwa huɗu. Shekara da shekaru motoci sun bi da gangunan ta Agadas da Tawa zuwa Kwatano, jirgin ruwa ya kai su Faransa, har zuwa 2023 da aka rufe iyakar Benin. Kuma kada mu ɗauka mu kaɗai Allah ya ba. Kazakistan ce ke fitar da wajen kashi 40 cikin 100 na duniya, ga Kanada da Namibiya da Ostareliya da Uzbekistan. Rabon Nijar a 2022 tan 2000 ne da ɗan abin da ya ɗora, wajen kashi 4 cikin 100, alhali a 1981 ta haura tan 4000. Mai kaya in ya san ba shi kaɗai ne a kasuwa ba, ya fi iya ciniki.

To yanzu ga hukunci. Malaman mazhabar Malikiyya, wadda muke bi a wannan ƙasa, sun tafi a kan cewa al'amarin ma'adini yana hannun shugaba, ko da an same shi a filin wani mutum sananne, kamar yadda yake a Muhtasar na Shehu Halilu. Ma'anar haka, shugaba yana riƙe da shi a madadin jama'a baki ɗaya, kamar yadda waliyyi yake riƙe da dukiyar maraya. Yana iya ba wani ya haƙa, zuwa wani lokaci ko bisa wani lada da zai shiga baitulmali, amma wanda aka ba bai mallaki asalinsa ba, kuma magadansa ba sa gadonsa. Imamu Malik ya kawo a cikin Muwaɗɗa cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya ba Bilalu ɗan Harisu ma'adinan Ƙabaliyya. Wannan ya nuna halaccin ba da izinin haƙa. Abu Dawuda da Tirmizi kuma sun ruwaito labarin Abyadu ɗan Hammalu (R.A.), wanda ya roƙi a ba shi wurin gishiri na Ma'arib aka ba shi, sai wani a majalisin ya bayyana cewa abin da aka ba shi kamar ruwa ne mai ɓuɓɓuga wanda ba ya yankewa, Annabi (S.A.W.) ya janye kyautar. Wannan ya nuna cewa abin da jama'a duka suke da buƙatarsa ba a kulle shi a hannun mutum guda. Sayyidina Umar (R.A.) ma a zamaninsa ya karɓe wani sashe na filin Aƙiƙ daga hannun Bilalu ɗin nan, saboda ya kasa raya shi, ya raba wa Musulmi. Duk wanda ya bi labarin Imuraren, inda aka ba da izini a 2009, aka dakatar da aiki bayan 'yan shekaru saboda faɗuwar farashi, gwamnati ta karɓe izinin a watan Yuni 2024, zai ga cewa mas'alar ba sabuwa ba ce a fiƙihu. Kamfanin ya kai ƙara gaban masu sasanci na ƙasa da ƙasa, kuma cika alkawarin da aka ƙulla bisa gaskiya shi ma wajibi ne a addininmu, ko da wanda aka ƙulla da shi ba Musulmi ba ne. Wannan aikin masana doka ne. Namu shi ne mu san asalin hukunci.

Bari mu ɗan ratse saboda 'yan'uwanmu masu zuwa Jado da Cibarakaten tun da zinariya ta bayyana a 2014. A Malikiyya zakkar ma'adini a kan zinariya da azurfa take, rubu'in ushuri, wato kashi 1 cikin 40, kuma ba a jiran shekara ta zagayo. Da zarar abin da aka tace ya kai nisabi, misƙali 20, wajen giram 85, zakka ta wajaba a lokacin. Da yawa suna dawowa su sayi mota su ƙara aure, wannan haƙƙi yana wuyansu.

Idan ma'adini dukiyar jama'a ce, tilas a tambayi abin da jama'a suka samu. Ba za mu yi ƙarya mu ce ba a samu kome ba. A ƙarshen shekarun 1970 kuɗin yuraniyom ya shimfiɗa hanyar Tawa zuwa Arlit, ya ta da manyan gine-gine a Yamai, aka kafa Sonichar a Cirozerin tana ƙona kwal tana ba kamfanoni da garuruwan jihar wuta. Dubban gidaje sun ci, 'ya'ya sun yi karatu, wasu sun sauke farali da gumin ramin nan. Amma a ɗora abin a ma'auni. Faransa tana samun kusan kashi 2 cikin 3 na wutarta daga nukiliya, kuma a shekaru goma kafin 2023 wajen kashi 20 cikin 100 na yuraniyom ɗin da ta shigar daga nan ya fito. A Nijar kuwa, a 2022 mutum 1 cikin 5 ne kawai yake da wutar lantarki. Laifin baƙo a nan a fili yake, tun daga farashin da aka daɗe ana yankawa a bayan idonmu. Shugaba Diori Hamani yana cikin neman ƙarin farashi aka kifar da shi a Afrilu 1974. Sai dai kuma Nijar ta kasance tana da hannun jari a kamfanonin nan tun farko, wanda daga baya ya kai fiye da kashi 36 cikin 100 a Somaïr kafin a mayar da shi mallakar ƙasa, da kashi 31 a Cominak, ban da haraji. Wannan kuɗi ya shiga hannun 'ya'yan ƙasa, masu salla da azumi, kuma za a tambaye su inda ya tafi. Shehu Magili, wanda ya ratsa ta Takedda kafin ya isa Kano, ya rubuta wa Sarki Muhammadu Rumfa nasiha a kan wajiban sarauta, ya keɓe babi a kan inda ya halatta a samo dukiyar hukuma, da wani babin a kan inda ya wajaba a kashe ta. Mun fi yawan zancen babin farko.

Ya bayin Allah, akwai wani gado da bai cika shiga bakin masu murna ba. Mun ce tan guda na dutse 'yan kiloli yake bayarwa. Ina sauran yake? Yana nan tare da mu. Da Cominak ya rufe ranar 31 ga Maris 2021, bayan ya fitar da wajen tan 75,000, ya bar tarin dusar dutse da ta kai tan miliyan 20, a kan fili mai eka 120 na ma'aunin hekta, tsayinta mita 35, kusa da Akokan. Cire yuraniyom daga dutse ba ya kashe tiririn, mafi yawansa yana saura a cikin dusar, domin akwai wasu sinadarai a ciki da ke ɗaukar dubban shekaru kafin ƙarfinsu ya ragu da rabi. Daga cikinsu iskar radon take fita, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa a cikin manyan sababan ciwon daji na huhu bayan taba. Iskar hunturu kuma ba ta san shingen kamfani ba. Shirin da aka sanar shi ne a lulluɓe tarin da yumɓu da dutse mai kaurin mita 2, a ci gaba da sa ido shekaru. A ƙarshen 2003 masana daga Faransa, bisa gayyatar ƙungiyar Aghir In'Man ta nan Arlit, sun sami ƙarafa masu tiriri a kasuwa. A Nuwamba 2009 ƙungiyar Greenpeace ta auna wani wuri a kan titin Akokan ta sami abin da ya ninka na al'ada har kusan sau 500, kuma samfuri 4 cikin 5 na ruwan da ta ɗiba sun wuce iyakar da hukumar lafiya ta sa wa ruwan sha. Kamfani ya yi jayayya da wasu daga cikin sakamakon, ya kuma kwashe wasu wuraren. Ruwan nan na ƙarƙashin ƙasa da muke alwala da shi tsohon ajiya ne tun zamanin da Sahara take samun damina. Abin da aka zuƙe ba ya dawowa da sauri, abin da aka gurɓata ba ya wankuwa.

Hausawa suka ce wanda ya ci ladan kuturu, shi zai yi masa aski. Wanda ya haƙa ya kwashi riba shekaru 40, gyaran abin da ya ɓata bashi ne a kansa, tafiyarsa ba ta sauke shi ba, kuma wajibi ne hukuma ta bi wannan bashi. Haka nan wanda ya karɓi rami yau ya karɓe shi da ƙurarsa. Dutsen bai san tuta ba. Huhun ɗan Nijar da ke aiki a ƙarƙashin shugaba ɗan Nijar zai kamu da abin da zai kamu da shi a ƙarƙashin Bature, in aka yi sakaci da abin rufe hanci, da na'urar auna tiriri, da yayyafa ruwa a kan ƙura, da binciken likita.

Wani zai iya kawo hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito, wanda ya nuna cewa wanda ramin ma'adini ya halaka babu diyya a kansa. Hadisin ingantacce ne, amma malamai sun bayyana wurinsa. Shi ne wanda ya haƙa rami a inda yake da izini, ya ɗauki ma'aikaci, ƙasa ta rufta ba tare da sakacinsa ko ƙetare iyakarsa ba. Wanda kuwa ya san cuta ya ɓoye ta, ko ya rage kuɗin kariya don riba ta ƙaru, ko ya bar hanyar iska ta lalace, to ya fita daga inuwar wannan hadisi, ya shiga ƙarƙashin ƙa'idar da Imamu Malik ya ruwaito ta hana cuta da cutarwa. Injiniya Musulmi da ya sa hannu a takardar awo alhali ya san ƙarya ce, ya yi shaidar zur. Likitan da ya ga ciwon aiki ya rubuta wani suna daban don kada a biya diyya, ya ci haƙƙin marayu tun ubansu yana da rai.

Saura namu, mu da ke sahu. Ɗan gwangwan da ya sayi bututu ko farantin ƙarfe da ya fito daga ma'aikata ta bayan gida, maƙeri ya ƙera tukunya ko ƙofa da shi, wata baiwar Allah ta saya tana dafa wa 'ya'yanta tuwo, wannan ciniki ya haɗa haram biyu, kayan sata da ɓoye aibi. Wanda bai sani ba a da, yau ya sani. Kada a ɗebi dutse ko ƙasar da ta fito daga wajen haƙa a yi cikon gida ko daɓen masallaci, kome arharta. Makiyaya su nisanta dabbobi daga ruwan da ke kwance kusa da tarin dusa, iyaye su hana yara wasa a can. In masu awo suka zo unguwa a buɗe musu ƙofa, a kuma nemi su faɗi abin da suka gani da harshen da mutane ke ji, Hausa da Tamashek, a gaban mai unguwa da liman. Neman wannan bayani ba tawaye ba ne, nasiha ce ga shugabanni, wadda addini ya ɗora mana.

Akwai kuma waɗanda rufe Cominak ya bari a rana. Ma'aikata wajen 600 ne suka rasa aiki, ban da ɗaruruwan 'yan kwangila waɗanda ba su sami sallama irin ta ma'aikatan dindindin ba. Wasunsu suna sahun gaba a masallatanmu, sun tsufa, suna tari, kunya ta hana su roƙo. Muna kira ga kwamitin kowane masallaci a Arlit da Akokan ya rubuta sunayen irin waɗannan da zawarawansu, a sa su a gaba wajen rabon zakka, a kuma sami matasa masu ilimi su taimaka musu haɗa takardun aikinsu da na asibiti, domin haƙƙin da babu takarda a kansa wuyar karɓa gare shi.

Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu a ramukan nan da waɗanda ciwonsu ya bi su har gida. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya tsare mana ruwanmu da zuriyarmu, ya ba shugabanninmu mashawarta masu gaya musu gaskiya. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.